Daga Dawanau zuwa Mersin: kwantenar riɗina ta farko

Mafi yawan riɗin da ake nomawa a Jigawa da Bauchi da Nasarawa da Binuwai ba mu ne ke cin sa ba. Abin da ke shiga cikinmu bai wuce na kantu da na miya da ɗan man da ake matsewa ba. Ragowar tirela ce ke kwashewa zuwa Legas, daga can ya hau jirgin ruwa zuwa Japan da Sin da Turkiyya da Indiya. Duk wanda ya yi zama a ɓangaren riɗi na kasuwar Dawanau da ke Kano ya san haka, ni ma na sani tun ina yaron shago a gaban maigidana. Sai dai sanin nawa na rabin hanya ne. Mukan sayo a kasuwannin ƙauye, mu tara, mu kai wa manyan kamfanoni sitonsu, su auna, su cire abin da za su cire na datti da laima, su biya. Farashin da suka faɗa shi ne farashi, domin su ne suka san mai jiran kayan a ƙetaren teku. Mu iyakarmu ƙofar sito.

Ba ƙorafi nake yi a kansu ba, don ba domin su ba da riɗi bai yi wannan daraja ba. Amma abin ya daɗe yana ci mini rai. Fataken garin nan sun ratsa hamada da fata da baƙin rini har Tarabulus, sun je Gwanja sun ɗauko goro. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta bi shi zuwa teku, har aka riƙa jera buhunanta dala-dala, irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna a cikinta. Ban ga dalilin da zai sa jikokinsu su kasa kai buhu 380 hannun mai saye da kansu ba. Buhu 380 mai kilo 50 shi ne tan 19, abin da ƙaramar kwantena mai ƙafa 20 ke ɗauka na riɗi.

Da takardu na fara, kuma ba su ne suka fi wahala ba, duk da su mutane suka fi tsoro. Rajistar sunan shago ba ta wadatarwa, sai cikakken kamfani daga hukumar CAC mai rajistar kamfanoni, a kuma tabbata an rubuta fitar da kaya waje a cikin ayyukan kamfanin. Sai lambar biyan haraji. Sai takardar shaidar mai fitar da kaya daga hukumar NEPC, wadda aka kafa tun 1976 don bunƙasa wannan harka. Ta intanet ake nema, suna kuma da ofishi a nan Kano ga mai son ya yi tambaya baki da baki. Daga nan na buɗe asusun kamfani a banki, na naira da na dala, na gaya musu na dalar don kuɗin kayan da zan fitar ne. Wanda takardunsa suka cika ba ya daɗewa a wannan mataki.

Mai saye shi ne aiki. Da zarar ka sa lambarka a intanet ka ce kana da riɗi, saƙonni za su yi ta shigowa. Wani ya yi maka farashin da ya fi na kasuwa nesa ba kusa ba, sannan ya ce ka turo kuɗin rajista. Wani ya ce ka loda kaya tukuna, in sun iso zai biya. Duk na bar su. Hanyar ta buɗe ne ta wajen ɗan yayana da ke karatu a Turkiyya. Ya haɗa ni da wani madaidaicin kamfani da ke kusa da Mersin, garin da ke da babbar tashar jiragen ruwa a kudancin ƙasar. Sana'arsu tahini, wato riɗin da aka ɓare, aka gasa sama-sama, aka niƙa har ya yi laushi kamar niƙaƙƙiyar gyaɗa kafin a matse mai. Da shi suke yin halawarsu. Suna kuma da wani burodi mai zagaye da rami a tsakiya, simit, wanda ake lulluɓewa da riɗi ana sayarwa a bakin titi tun da asuba. Abin da suke nomawa ba ya isar su, dole su saya a waje.

Na ce da yaron ya je ya ga masana'antar da idonsa, zuwa da kai ya fi saƙo. Ya je, ya ɗauko mini hotunan injina da sito, muka yi magana da mai kamfanin ta bidiyo, yaron yana mana tafinta. A nan na gane ashe tsoron ba ni kaɗai ke jin sa ba. Mutumin ya ce an taɓa aiko masa da samfur mai kyau, da kwantena ta iso sai ya tarar da wani abu dabam, rabin ƙasan buhu yashi. Ni ina tsoron kada ya cinye mini kuɗi, shi yana tsoron kada in sayar masa da ƙasa. Duk takardun da za su biyo baya, in ka duba da kyau, don a raba wannan tsoro ne aka ƙirƙiro su.

Na aika masa da samfur ta kamfanin aika saƙo, ya kai ɗakin gwaji, ya amince. Sai yarjejeniya ta zo. A cikin kowane kilo 100 kada datti ya wuce rabin kilo. Laima kada ta wuce kashi 6 cikin 100. Man da ke cikin ƙwayar kada ya gaza kashi 50, tsamin man kada ya haura kashi 2. Babu ƙwaro mai rai, babu fumfuna, babu ragowar maganin feshi fiye da ƙa'ida. Farashi a dala kan kowane tan, bisa tsarin da ake kira FOB, ma'ana duk ɗawainiya tawa ce har kaya su hau jirgi a Legas, kuɗin jirgi da abin da ya biyo baya nasa ne. Zai ba da wani kaso kafin alƙalami, ragowar kuma sai takardun asali sun isa bankinsa.

Na kai wa maigidana takardar a shagonsa bayan la'asar. Na karanta masa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Nawa ne a hannunka yanzu?"

Na ce, "Alhaji, ai ban fara saye ba, jira nake in sa hannu."

Ya ce, "To kada ka sa. Ka tara kashi biyu cikin uku a sito tukuna. Riɗi ba ya jiran kowa. In manyan kamfanoni suka shigo kasuwa a mako guda, farashin da ka yi lissafi da shi ya tafi, kai kuma ka riga ka ɗaure kanka da dala."

Haka aka yi. Kuɗin kwantena guda sun fi ƙarfin aljihuna, kuma ban so in ci bashin da ke da ruwa. Shi da kawuna suka zuba nasu, na zuba nawa, muka rubuta yadda za a raba riba da yadda za a ɗauki asara in ta zo, shaidu suka sa hannu.

Lokacin kaka ne, sabon riɗi ya fara fitowa. A kasuwar duniya da sunan yankinsa ake cinikin riɗinmu, a ce na Maigatari, na Lafiya, na Binuwai. Mai sayena na Maigatari ya gani a samfur, don haka can na nufa, ranar Alhamis da kasuwar ke ci, da ƙauyukan da ke kewayen Gumel. Na saba sayen riɗi, amma ban taɓa sayensa da takardar wani a aljihuna ba. Da can in na soka ƙarfe a buhu na ɗebo, na murza a tafin hannu na ga ba laifi, shi ke nan, kamfani zai cire nasa ni ma in cire nawa a wajen manomi. Yanzu kuwa kowane buhu sai na soka sama da tsakiya da ƙasa. In tauna in ji ko ya yi ƙaras, alamar ya bushe. In shinshina, don wanda aka ɗure da ɗanyantaka yana da wani wari na maƙaƙi da ba ya ɓuya. In zuba a farar takarda in karkata ta, ƙwayar ta gangara, yashin ya tsaya.

A wani ƙauye na tarar da wani dattijo da riɗinsa ya fita dabam, fes da shi, ko ƙura babu. Na ce, "Baba, yaya aka yi naka ya fi na maƙwabta haske?"

Ya ce, "Ɗan nan, ba wani sirri. In na yanke na ɗaure, a tsaye nake jingine dammunan har su bushe. Ranar kakkaɓa kuma tamfol nake shimfiɗawa. Su a ƙasa suke yi, su share da tsintsiya su haɗa da duk abin da ta kwaso."

Na ce, "To me ya hana su yin irin naka?"

Ya yi murmushi ya ce, "Wa zai biya su? Mai saye kuɗi ɗaya yake ba mu, da mai tamfol da mai tsintsiya."

Maganar nan ta zauna mini. Na saye nasa duka, na ɗora masa wani abu a kan farashin kasuwa, a gaban mutane na yi don su gani. Ba kyauta na yi masa ba. Riɗin da aka kakkaɓe a tamfol ba ya zubar da nauyi a inji, kuma ba ya kwaso ƙwayoyin cuta daga kashin dabbobi da na tsuntsaye, waɗanda in aka gano su a gwaji za a iya dawo da kwantena sukutum. Abin da mutumin Mersin ya rubuta a takarda shi ne ya bi ta hannuna ya isa aljihun Baba.

Abu na biyu da na riƙa tambaya shi ne magani. Akwai masu zuba wa kayan ajiya fiya-fiya don gudun ƙwari, kuma wannan ɗabi'a ta riga ta ja mana asara babba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan irin wannan guba da aka samu a cikinsa. Meziko, wadda ke sayen zoɓonmu fiye da kowa, ita ma ta taɓa rufe mana ƙofa na wasu shekaru saboda ƙwaron da aka gani a kaya, kuma masu zoɓo a Dawanau ba su manta da yadda sito ya cika farashi ya faɗi ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne, waken da Turawa suka ce ba za su ci ba, mu muka ci gaba da dafa wa 'ya'yanmu. In dokar mai saye na waje ta sa manomi ya daina zuba guba a riɗi, to ranar da zai ajiye wakensa ma zai tuna, kuma wannan waken tukunyarmu zai shiga.

Da kaya suka taru na sa hannu a yarjejeniya, kafin alƙalami ya shigo, na cike ragowar. Maigida ya yi gaskiya, buhunan ƙarshe sun fi na farko tsada.

Sai gyara. A kewayen Dawanau akwai masu injin gyaran riɗi da ke karɓar haya kan kowane tan. Ana juye buhu a wani rami, bel ya ɗauke shi sama, ya bi ta rariyoyi masu girgiza da ke raba kara da yashi, iska ta hure ƙaiƙayi, wani teburi mai karkarwa ya ware tsakuwar da girmanta ya zo ɗaya da ƙwayar, maganaɗisu ya kama guntun ƙarfe. Na ƙarshe shi ne inji mai ido, wanda ke ganin launin kowace ƙwaya tana faɗowa, in baƙa ce ko ta lalace ya harbe ta gefe da iska. Na tsaya a bakin mazubin ƙarshe na tara hannu. Riɗin da na sani tun ina yaro ne, amma ban taɓa ganin sa da tsabta haka ba. Na kuma ga abin da ya fita: tarin yashi da tsakuwa da na saya da kuɗin riɗi. Dole mai fitar da kaya ya sayi fiye da tan 19 in yana so ya tashi da tan 19.

Ina cikin kallon tarin nan sai wata dattijuwa ta matso, shugabar matan da ke aiki a wajen. Ta ce, "Alhaji, dattin nan kada ka yi cinikinsa da kowa, mu ne masu shi."

Na ce, "Iya, me za ku yi da shi?"

Ta ce, "Zauna ka gani."

Suka baje tabarma, kowace da faifanta, suna bakace suna sheƙa, kafin wani lokaci sun fitar da riɗi mai yawa daga abin da na ɗauka shara ne. Wannan suke sayar wa masu matsar mai, ƙaiƙayin kuma masu kiwo su saya. Yawancinsu zawarawa ne da masu riƙon marayu, kuma kakar riɗi da ta zoɓo ita ce lokacin samunsu. Na sallama musu a yadda suka taya.

A wajen ɗinkin buhu wani ya ba ni shawarar da aka saba bayarwa: a sa mai kyau a buhunan bakin ƙofa, a cusa na baya-baya a ciki, ai ba duka za a buɗe ba. Na tuna masa da hadisin da kowa ya sani, lokacin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji laima a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ko da babu mai bincike a duniya, wannan ya isa. Balle kuma akwai. Mai sayena ya sa sharaɗin wani kamfanin bincike mai zaman kansa ya zo ya ɗebi samfur, kuma ma'aikacinsu da kansa ya zaɓi buhunan da zai soka, daga sama da tsakiya da can ƙuryar sito. Sakamako ya fito daidai da yarjejeniya. Aka ɗinke sababbin buhuna, kowanne da sunan kamfanina da nauyi da sunan Najeriya a jiki.

Kafin kaya su motsa sai an buɗe fom ɗin NXP. Wannan shi ne uwar takardun fitar da kaya. Ta intanet ake cikewa, ka sa bayanin kaya da nauyi da darajarsu a dala da sunan mai saye, ka haɗa da yarjejeniya da takardar farashi da shaidar NEPC, ka zaɓi bankinka, banki ya duba ya amince. Da lambar fom ɗin Babban Banki ke bin sawun kuɗin, kuma kamfanin jirgi ba ya ɗaukar kaya in babu ita. Sai ka biya harajin NESS, rabin kashi ɗaya cikin 100 na darajar kayan, wanda da shi ake biyan masu binciken da gwamnati ta naɗa su tabbatar abin da ka rubuta shi ne abin da ka loda. Ma'aikaciyar bankin da ta riƙe fayil ɗina ta ja mini kunne. Ta ce, "Malam, kwana 180 ne daga ranar da ke kan takardar lodin jirgi. In kuɗin ba su dawo ta asusun nan ba, sunan kamfaninka zai shiga jerin da ba ka so." Na ce mata in Allah ya yarda ba za a kai ga haka ba.

Akwai tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki, wadda aka ƙaddamar a watan Janairun 2023 don a riƙa kammala binciken kaya a rufe kwantena tun daga Kano, kuma duk mai wannan sana'a yana fatan ranar da jirgin ƙasa zai riƙa ɗaukar kaya daga can kai tsaye zuwa teku. A wannan karon dai ejan ɗina, wato wakilin da ke bin mini takardun kaya a tashar jirgi, a Legas ya saba aiki, don haka mota na bi. Na haɗa tirela da wani abokin sana'a da shi ma ke da kaya, muka yi wa kayan inshora, aka lulluɓe da tamfol biyu aka ɗaure tam. Tafiyar kusan kilomita 1,000 ce: Zariya, Kaduna, a ratsa jihar Neja ta Bida da Mokwa, a haye gadar Jebba, Ilori, Ibadan, sannan Legas. Direban yakan kira ni in ya tsaya. Wani dare ya ce taya ta fashe kafin Mokwa, wani yini kuma ya ce suna cikin layin motoci da ba a ganin ƙarshensa. Ga masu tare hanya da rasit iri-iri, kowa da abin da zai karɓa. Kuɗin mota daga Kano zuwa Legas na cikin abin da ya fi cin ribar mai fitar da kaya daga Arewa, kuma a ƙarshe manomi ne ke biya, don daga farashinsa ake cirewa.

Na riga kayan isa. A wani sito aka kawo kwantena wayam, na shiga ciki da kaina na sa aka rufe ƙofa, in ga ko haske na shigowa ta wata huda, na shinshina ko an taɓa ɗaukar sinadari a cikinta. Aka shimfiɗe ƙasa da bango da kwali, aka rataya jakunkunan shan laima, domin riɗin da ya bushe a hunturun Kano zai shiga iskar teku mai danshi, ƙarfe kuma yana gumi. 'Yan dako, yawancinsu 'yan Arewa, suka jera buhu 380 ina ƙirgawa. Jami'an NAQS masu kula da lafiyar tsirrai suka duba, jami'an duba amfanin gona na tarayya suka auna, aka sa ƙwayoyin turaren kashe ƙwari aka rufe. Daga nan kwantena ta wuce Lilypond da ke Ijora, inda aka keɓe don kayan fitarwa, kwastan da sauran hukumomi suka yi nasu binciken, aka buga hatimi mai lamba a ƙofa. Na rubuta lambar a takarda, na kuma ɗauki hotonta na tura Mersin.

Jirgin farko ya tashi ba mu samu shiga ba, sai na bayansa. Kowace rana ta jira kuɗi ce, na ajiya da na mota. A nan mutum ke gane amfanin ejan da ya san aikinsa. Nawa ya zaunar da ni muka bi daftarin takardar lodin jirgi harafi bayan harafi: sunan mai saye, adireshinsa, nauyi, lambar kwantena, lambar hatimi. Ya ce harafi ɗaya in ya saɓa da na sauran takardu, banki a can zai iya ƙin karɓa, kaya su zauna a tasha ana ƙirga maka kuɗi. Da jirgi ya tashi muka haɗa takardun asali: ta lodin jirgi, rasit ɗin ciniki, jerin kaya, shaidar ƙasar asali daga cibiyar 'yan kasuwa, shaidar lafiyar tsirrai, ta turare, da ta inganci. Na miƙa wa bankina, bankina ya aika wa nasa. Ƙa'idar ita ce ba za a ba shi takardun ba sai ya biya, kuma ba zai iya fitar da kaya daga tasha ba sai da su. Ni ban saki kaya ba, shi bai saki kuɗi ba, bankuna biyu suka tsaya a tsakani.

Na dawo Kano ina bin jirgin a waya. Ya bi gaɓar Afirka ta Yamma ya yi arewa, aka sauke kwantenar a wata tasha a bakin Bahar Rum, wani jirgin ya ɗauka ya yi gabas da ita. Makonni aka yi. Kafin ta isa Mersin mutumin ya biya, banki ya kira ni ya ce dala ta shigo. Tun watan Yunin 2023 da Babban Banki ya haɗe farashin canji, mai fitar da kaya yana sayar da dalarsa a farashin kasuwa, ba kamar da ba da tazarar da ke tsakanin farashin gwamnati da na bayan fage ke sa mutane guje wa banki. Na sayar, aka rufe fom ɗin NXP, na ɗauki littafin lissafi na tafi wajen maigida da kawu.

Ribar ba ta kai yadda masu tallar wannan harka a intanet ke faɗa ba. Mota ta ci, jira ya ci, yashi ya ci. Amma ta fi abin da da zan samu in na tsaya a ƙofar sito, kuma na fito da abin da ya fi ribar: yanzu na san yadda ake gina farashi daga Mersin a dawo da shi baya har Maigatari, na san abin da zan iya ba manomi ba tare da na karye ba. Kawu ya bi shafin kashe-kashe da yatsa, ya ce, "Kai, ashe mutane da yawa sun ci abinci a kwantenar nan." Manoma, dillalai, masu awo, 'yan dako a wuri uku, masu ɗinkin buhu, mai inji da yaransa, su Iya, direba da yaron mota, har mai shayin bakin sito. Kuɗin duk daga aljihun masu cin halawa a wata ƙasa suka fito.

Dalar da na sayar kuma ba a banki ta kwana ba. Wani ne ya saye ta ya biya kuɗin abin da ba mu yi a nan: magani, faifan sola, wayoyin da ke Farm Centre, kayan gyaran A Daidaita Sahu da ake kawowa daga Indiya. Ko gurasar da muke tinƙaho da ita a Kano, yawancin alkamar da ake niƙa fulawarta daga waje take zuwa. Wanda bai taɓa ganin teku ba yana cin moriyarsa kullum da safe. Kuma duk lokacin da abin da muke fitarwa ya gaza abin da muke shigowa da shi, dala takan yi wuya, mai sayen magani a Sabon Gari shi ke fara ji a jikinsa.

Akwai ɗaya gefen, kuma a unguwarmu na gan shi. Matar da ke yin kantu a layinmu ta tare ni ta ce, "Alhaji, ku ne kuka sa riɗi ya gagare mu." Gaskiya ta faɗa. In mai dala ya shigo kasuwa, mudu yakan tashi ga kowa. Haka masaƙun Sharaɗa da Challawa da Bompai da yawa suka rufe, rashin wuta ya haɗu da yadi mai araha daga waje, ga Kantin Kwari cike da kaya amma ba namu ba. Duk da haka ban yarda maganin shi ne a toshe hanya ba. Mun gani daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 da aka rufe iyakokin ƙasa, baƙin da ke zuwa Dawanau daga Nijar da sauran maƙwabta suka ɗauke ƙafa, 'yan dako suka wuni a zaune. Abin da nake gani shi ne a ƙara yawan abin da kadada ke bayarwa ta hanyar iri mai kyau, riɗin ya ishi mai kantu ya ishi mai jirgi, sannan mu daina fitar da shi ɗanye kawai. Ɓarewa da gasawa da niƙawa da matsar mai, duk aikin da ake biyan wani a Mersin ya yi, yaranmu za su iya yin sa a nan in an samu wuta da inji.

Bayan an sauke kaya mutumin ya turo saƙo ta hannun ɗan yayana. Nauyi ya cika, gwajinsu ya yi daidai da namu, yana son kwantena biyu a kaka mai zuwa, yana kuma tambaya ko zan iya kawo ɓararren riɗi. Na sayi tamfol na aika wa Baba ya raba wa maƙwabtansa kafin damina, bisa alkawarin duk wanda ya kakkaɓe a kai zan saya da ƙari. Na ba mutumin Mersin amsa a kan kwantena biyun. Na ɓararren kuwa na kai buhu guda wata masana'anta a nan Kano su gwada, sai na ga abin da ya fito da abin da ya zube kafin in yi masa farashi.